Shin Cuku Yana Sa Ƙiba?

Cuku madara ce da aka daskarar, aka tsiyaye ruwanta, aka bar maiƙo da sinadarin gina jiki a dunƙule. A masarautar Daura an fi sanin busasshen cukun Buzaye da Fulanin Nijar, mai faɗi, marar kauri, wanda ake shanya shi a kan tabarma har ya yi ƙaras. Fatake kan shigo da shi ta iyakar Kwangwalam zuwa kasuwanni irin ta Mai'aduwa. Ana tauna shi da shayi ko dabino, wasu kuma su daka shi cikin fura. Akwai kuma ɗanyen cukun Fulani mai laushi, wanda ake daskararwa da ruwan ganyen tumfafiya. Wannan daban yake da awarar waken suya, duk da kamar da suke yi a ido.

Masu zargin cuku da sa ƙiba suna da hujja. Giram 1 na mai yana ba jiki kalori 9, alhali na sitaci ko sukari 4 ne kawai. Sai an tace kusan lita 10 ta madara kafin a samu kilo 1 na cuku mai tauri, shi ya sa giram 100 na irin na Turawa ke ɗauke da kalori wajen 400. Busasshen cuku ba ya cika hannu, amma abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin girmansa.

Sai dai bincike bai kama shi da laifin kai tsaye ba. A shekarar 2011 masana na Jami'ar Harvard a Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar manya sama da 120,000 na tsawon shekaru. Ba su ga cin cuku ya ƙara nauyi ko ya rage shi ba. Soyayyen dankalin Turawa da lemon kwalba ne suka fi tafiya da ƙiba, masu shan kindirmo kuwa nauyinsu bai cika hawa ba. Wani nazarin da ya biyo baya a 2015 ya ƙara haske: wanda ya ɗora cuku a kan farin burodi da kayan zaƙi ya ƙara nauyi, wanda ya ci shi a madadinsu bai ƙara ba. Cuku yana riƙe ciki, mai cinsa ba ya saurin jin yunwa.

A nan lissafin yake. Makiyayin da ya karya da cuku ya wuni yana bin shanu a dajin Baure ko Zango, abin da ya ci ƙonewa yake yi. Ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa, ga shayi mai sukari cokali uku, ga burodi, ga cuku soyayye a man gyaɗa, nasa taruwa yake yi a tumbi. Babban mutum mai son rage jiki, ko mai ciwon sukari, sukarin shayi da suya ya kamata ya fara ragewa kafin ya waiwayi cukun.