Uwargida, Ina Batirin Gidanki a Wannan Hunturu?

Hunturu ya kama, an gama shigar da amfanin gona, magidanta da yawa a ƙasashen Dambatta, Bichi da Kunchi sun tafi cin rani. To, wa aka bar wa batirin sola mai kunna fitilar gida? Ke ce, uwargida.

Bara na yi asarar nawa. Na ga hasken yana dushewa tun ban gama duba littattafan yara ba, na ce ai sanyi ne, na ture shi bayan gado har watan Maris. Da aka kai wa mai gyara, sai ya ce ya riga ya mutu. Gaskiya ne sanyi kan rage ƙarfin batir, amma irin namu na Disamba da Janairu bai isa ya kashe shi ba. A Turai ne ruwan cikinsa kan daskare. Abin da ke kashe namu shi ne barinsa babu caji. In ya daɗe haka, wani farin gishiri kan daskare a jikin dalmar da ke ciki, daga nan ba zai ƙara karɓar wuta sosai ba.

Ƙura ce ke jawo wannan. Hazo ya tare rana, ƙura kuma ta lulluɓe faifan sola, abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba. Don haka kowace safiya a goge faifan da tsumma mai laima. 'Yan makaranta, aikinku ke nan, tun da ku ke karatun dare. A rage kuma yi wa dukan unguwa cajin waya, ko da za a ce kin yi rowa. Batirin babur ɗin maigida da ke jingine, a cire wayarsa, a kai shi caji sau ɗaya a wata.

Don Allah kada a matso da batir kusa da kaskon wuta wai ya ji ɗumi. Yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji, yana iya fashewa ya watsa asid a idon yaro. In mai marufai ne kuma ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan da masu batir ke sayarwa za a ƙara, ban da na rijiya. Farin garin da kan taru a kawunansa kuwa, a cire wayoyin, a goge shi da ɗan ruwan kanwa, a kula kada ya shiga ciki.