Sharar Kamfanoni da Kasuwanni: A Fara Ɗora Ta a Sikeli

Idan ana maganar shara a Kano, hankali kan tafi ga bolar unguwa da motocin hukumar kwashe shara ta REMASAB da ake jiran zuwansu. Amma akwai sharar da ba daga gidaje take fitowa ba: ta masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da ta kasuwanni irin su Kantin Kwari da Singa da 'Yan Lemo, da ta otal-otal da abbatuwa. Wannan ta fi ta gida sauƙin ceto, domin takan fito iri ɗaya, da yawa, a wuri guda. Kwalin da ɗan kasuwa ya farke yanzu busasshe ne tsaf, ba kamar wanda ya kwana cikin ruwan miya a kwandon gida ba.

Abin da masana ke aunawa shi ne kaso nawa na sharar aka hana shi zuwa juji. Lissafin ba wuya. A ce wata masana'anta ta fitar da tan 100 a wata; ta sayar da tan 30 na kwali da ƙarfe ga masu sake sarrafawa, manoma suka kwashi tan 10 don taki, sauran tan 60 tifa ta kai bola. Ta ceto kashi 40 cikin 100 ke nan. Kamfanonin da ke bugun ƙirji cewa sun rabu da juji yawanci sai sun kai kashi 90 ko fiye kafin masu tantancewa su yarda da su.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake samo waɗannan alƙaluma. Yawancin wurarenmu ba sa auna shara, motoci suke ƙirgawa: tifa uku yau, huɗu gobe. Tifa cike da leda da tifa cike da ɓaraguzan gini kuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Shi ya sa aikin farko shi ne a zaɓi wasu ranaku, a baje sharar a kan tamfal, a ware ta kashi-kashi, a ɗora kowane kashi a sikeli, a rubuta. Sai an maimaita a damina da rani, domin jiƙaƙƙen kwali ya fi busasshe nauyi, kuma abin da 'Yan Lemo ke zubarwa lokacin mangwaro daban yake da na sauran watanni.

Ko an auna da gaskiya, nauyi na iya ruɗar mutum. Masana'antar da ke sayar da guntayen ƙarfe za ta ga kasonta ya yi sama, alhali ledar da ke toshe magudanan unguwa tana nan tana fita, don ba ta da nauyi. Wanda kuma ya tara sharar a bayan katanga ya cinna mata wuta zai iya cewa bai kai komai juji ba. A ganina irin wannan bai cancanci a rubuta masa ko kilo ɗaya ba, tunda maƙwabta ne suka shaƙi sharar a hayaƙi. Sannan fitar kaya daga ƙofar kamfani ba shi ne an sarrafa su ba. Ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe suna lissafa robar da suke lodawa zuwa Sin a matsayin wadda aka sake sarrafawa, sai da Sin ta rufe ƙofa a 2018 asiri ya tonu cewa da yawa daga cikinta gauraye take da datti, ba ta sarrafuwa. Tarayyar Turai ta gyara ƙa'idarta: yanzu abin da ya shiga injin sarrafawa ake ƙirgawa, bayan an cire wanda aka tsince aka yar.

Akwai ma abin da lissafin ba ya gani sam. Kamfanin lemon da ya koma kwalabar da ake dawo da ita a wanke a sake cikawa ya rage shara tun daga tushe, amma kasonsa na iya sauka, domin abin da yake sayarwa masu sarrafawa ya ragu. Don haka ake so a riƙa haɗawa da lissafi na biyu: kilo nawa na shara ake fitarwa a kan kowane tan na kayan da aka ƙera.

Doka kaɗai ba ta wadatar. Lardin Ontario na Kanada ya wajabta wa manyan masana'antu da ofisoshi binciken shararsu tun 1994, amma rahoton babban mai binciken kuɗi na lardin a 2021 ya nuna kusan kashi 15 kacal ɓangaren kasuwanci da masana'antu ke cetowa, alhali gidaje sun kai kusan rabi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne dokar ta tsallake ƙananan wuraren sana'a, waɗanda su ne mafiya yawa. Ingila kuwa ta aljihu ta bi: harajin zuba shara a juji da ta fara a 1996 ya yi ta hawa, har kamfanoni suka ga warewa ta fi zubarwa araha.

Mu a nan ceton ya daɗe yana gudana, ba a dai rubuta shi ne. Dusa da tunkuza daga injinan niƙa da na matsar gyaɗa suna tafiya wajen masu kiwo, ɓuntun shinkafa ya zama shimfiɗar kaji, 'yan gwangwan ba sa barin ƙarfe ko gorar ruwa su kwana, manoman kewayen Kano kuma sun gaji sayen takin birni kaka da kakanni. Abin da garin Kalundborg na Denmark ya shahara da shi ke nan, wanda aka fara tun shekarun 1970, inda rarar gas ta matatar mai ta zama makamashin kamfanin allon gini da ke maƙwabtaka da ita. Bambancin shi ne su suna da yarjejeniya a rubuce da awo, mu kuwa ciniki ne na baki a bakin get. Da mai kamfani zai ware kwali da roba da ragowar abinci tun a inda suke faɗuwa, ya sa sikeli a ƙofa, ya riƙa karɓar rasit daga duk ɗan gwangwan da ya saya, da ya san abin da yake asara, su ma 'yan gwangwan su sami kaya mai tsabta ba tare da sun tona juji da hannu ba.

Sai dai ba kowace shara ake murnar ganin ta fita ba. Laka da askin fata daga majemun Challawa da Sharaɗa na iya ɗauke da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi. Idan aka kai su gona da sunan taki, takarda za ta nuna kaso mai kyau, amma gubar ta shiga ƙasar da ake shuka alayyafo. Irin wannan dole a lissafa ta daban, a bi sawunta har inda aka binne ta, kuma aikin hukumar kare muhalli ta ƙasa NESREA ne, wadda aka kafa a 2007, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, su nemi ganin takardar.