Hanyoyin Rage Kuɗin Aika Kaya Ga Masu Ciniki Ta Intanet A Kagarawal

A unguwar Kagarawal da ke cikin birnin Gombe, kamar sauran unguwannin da ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, an sami matasa da matan aure masu yawa waɗanda ba su da rumfa a kasuwa, amma suna sayar da atamfa, shadda, takalma, turaren wuta da kayan kwalliya ta hanyar WhatsApp, Facebook da Instagram. Wannan ciniki ya sauƙaƙa masu kuɗin hayar shago, sai dai ya ɗora masu wani nauyi a madadinsa, watau kuɗin aika kaya. Sau da yawa wannan kuɗi shi ne ke raba tsakanin mai cin riba da mai cin uwar kuɗinsa ba tare da ya sani ba.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 1999 ba a sami rantsar da shugaban ƙasa da ta taɓa aljihun direbobi nan take kamar ta ranar 29 ga Mayu na 2023 ba, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a yawancin jihohin Arewa, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haye naira 1,000 a Abuja da wasu garuruwa. Faɗuwar darajar naira bayan watan Yuni na 2023 ta ƙara tsadar taya da kayan gyaran mota. Ga shi kuma hanyar jirgin ƙasa da ta iso Gombe a farkon shekarun 1960 kan hanyarta ta zuwa Maiduguri ta daɗe ba ta ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Saboda haka kusan duk abin da ya shigo Gombe ko ya fita, bisa kwalta yake tafiya.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da iko a kan farashin mai, kuma ba zai matso da Legas kusa ba, wadda ke da nisan fiye da kilomita dubu daga Gombe. Amma akwai abin da ke hannunsa. A ilmin tattalin arziki ana bambanta kuɗin da ke ƙaruwa da yawan kaya da kuɗin da ke nan daram ko kayan sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Mafi yawan kuɗin aike na kashi na biyu ne: kuɗin Keke Napep zuwa tasha, la'adar ɗan kamasho, katin waya, da mafi ƙarancin abin da direba zai karɓa a kan saƙo komai ƙanƙantarsa. Ke nan abin da ke cinye riba shi ne yawan tafiye-tafiyen da ake yi da kaya kaɗan, da kuma tafiyar da aka yi a banza.

Kaya kan bi zango uku kafin su isa hannun mai saye, kuma kowane zango da irin maganinsa.

Zango na farko shi ne daga wurin sari zuwa Gombe. Masu sayar da yadi galibi daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano suke saro kaya, wasu kuma daga Legas ko Aba ko Anaca. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jira sai mai saye ya nuna sha'awa sa'an nan a aiko da turmi ɗaya. Alal misali, in direba ya karɓi naira 2,500 a kan turmi guda, amma ya karɓi naira 6,000 a kan buhu mai turmi ashirin, to kuɗin kowane turmi ya sauko daga 2,500 zuwa 300. Wanda jarinsa bai kai turmi ashirin ba sai ya haɗa kai da wasu huɗu ko biyar na unguwa, su tsayar da rana guda a mako, dillali ɗaya ya tattara masu kaya a buhu ɗaya, kowa da sunansa a jikin ƙunshinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka saba da adashi. Har ila yau, manyan motocin da ke kwasar hatsi da wake da dabbobi daga Gombe zuwa Kudu ba su son komowa wayam, don haka kayan da ba na gaggawa ba sukan sami rangwame a motar dawowa.

Zango na biyu shi ne daga Gombe zuwa garin mai saye. Nan akwai zaɓi uku: a ba direba saƙo a tasha, ko a motocin Gombe Line ko na 'yan ƙungiyar direbobi, a kai wa kamfanin aika saƙonni irin su GIG Logistics ko DHL, ko a bi ta gidan waya, watau NIPOST. Saƙon tasha ya fi arha da sauri a garuruwa na kusa irin su Bauci, Yola, Biu da Fataskum, amma in kaya sun ɓace biyan diyya sai an kai ruwa rana. Kamfani ya fi tsada, amma yana ba da rasit da lambar bin sawun kaya. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, kaya masu araha kuma marasa fashewa su bi tasha, masu tsada irin su waya da agogo su bi kamfani. Wanda zai yi amfani da tasha ya riƙa bi ta ofishin ƙungiya, a rubuta lambar mota da sunan direba, kuma ya riƙe direbobi biyu ko uku na kowace hanya, domin abokin ciniki na kullum ba a yanka masa farashin baƙo.

Akwai wani lissafi na kamfanoni da masu ciniki da yawa ba su sani ba. Kamfani ba nauyin sikeli kaɗai yake dubawa ba, yana duban wurin da kwali zai ci a mota ko a jirgi. Manyan kamfanoni sukan ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 5,000, abin da ya fito su ɗauke shi a matsayin kilo, sa'an nan su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai santimita 40 da 30 da 25 zai tashi kilo 6 ko da abin da ke ciki kilo 2 ne. In aka matse kayan a kwali mai santimita 30 da 25 da 15, lissafin zai koma kilo 2 da kwata. Yadi da tufafi ma ba su bukatar kwali. Leda mai kauri da aka naɗe da kyau ta wadatar.

Zango na uku, daga tasha zuwa ƙofar gida, shi ne mafi gajarta, amma in aka auna da nisansa shi ne mafi tsada. Unguwanni irin su Kagarawal da Malam Inna sun bunƙasa cikin sauri bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 aka kuma kafa jami'ar jihar a 2004, kuma gidaje da yawa ba su da lamba, sai kwatance da masallaci ko makaranta. Aikin gyaran kwarin zaizayar ƙasa da ya ratsa daga jami'a ta Malam Inna zuwa Kagarawal ya rage wahala, amma neman gida da kwatance har yanzu yana cin mai da lokaci. Magani shi ne a tsayar da wurin karɓar kaya, kamar shagon wani amintacce a bakin titi, inda masu saye za su zo da kansu. Kamfanin Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, shi ma yana rage wa mai saye kuɗi in ya yarda ya karɓi kayansa a irin wannan wuri. Waɗanda suka nace sai an kai masu gida, a tara saƙonninsu bisa shiyya, ɗan acaba ɗaya ya zagaya da su a fita guda.

Duk da haka, babbar asara tana wurin kayan da aka aika aka ƙi karɓa. A ɗauka ribar turmi naira 3,000 ce, kuɗin aike 2,000, abin da ya rage 1,000. In mai saye ya kashe waya aka komo da kayan, an biya zuwa da dawowa, naira 4,000 ke nan, watau ribar ciniki huɗu ta tafi a kan mutum ɗaya. Saboda haka tsarin biya bayan an karɓa, wanda manyan kamfanoni suka yi amfani da shi don jawo jama'a, bai dace da mai ƙaramin jari ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane sun saba da tura kuɗi ta banki ko ta OPay da Moniepoint, don haka neman kafin alƙalami, ko da gwargwadon kuɗin aike ne, ba ya korar mai saye na gaskiya. Shi ma mai sayarwa akwai nasa haƙƙi: ya ɗauki hoton kayan a hasken rana ba tare da ƙawata launi ba, ya faɗi awo daidai, ya kira waya kafin ya ɗora kaya a mota. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa da yadda aka siffanta su.

Dangane da alkawarin aike kyauta da wasu ke yi don gasa, lalle a yi hattara. Direba ba ya ɗaukar kaya kyauta. Ko dai an saka kuɗin cikin farashi, ko an cire shi daga riba. In za a yi, a ƙayyade shi ga wanda ya sayi kaya uku ko fiye, domin a nan ne kuɗin aike ke rarrabuwa.

Daga ƙarshe, duk wannan ba zai yiwu ba sai da rubutu. Littafi guda mai nuna garin da aka aika, hanyar da aka bi, abin da aka biya, da ko kayan sun isa ko sun komo, zai nuna wa ɗan kasuwa cikin wata ɗaya garuruwan da ke ba shi riba da waɗanda yake yi wa direbobi aiki kawai. Daga nan ne zai san inda ya kamata ya ƙara kuɗin aike, da inda ya fi masa alheri ya ce wa mai saye ya jira ranar lodi.