Uwargida, Kafin Ki Zuba Kuɗinki A Motar Haya

Yau hirar tamu ta mota ce. Kada ki ce ina ruwan mai zaman kulle da mota, don a Anka da Gummi da Bukkuyum akwai matan da suka kwashi adashi, ko suka sayar da sa da tumaki, ko kuɗin gado ya shigo hannunsu, aka ba su shawara su sayi 'yar Golf a bai wa ƙane ko ɗa yana haya, yana kawo balas. Dabara ce mai kyau. Sai dai dukiyar tana bisa titi, ke kina cikin ɗaki, abin da aka zo aka faɗa miki shi kika sani. To gara ki gane abin da ake faɗar.

Da farko ki sani motar nan tsohuwa ce. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ta a 1991, kuma kafin shekarar 2000 an daina. Ashe ko autarsu ta haura shekara 25, ta isa aurar da 'ya. Fenti ne kawai sabo. Saboda haka in kuɗinki iyakar na saye ne, babu ragowar gyara, ki dakata tukuna.

Babban abin da ke cinye kuɗi shi ne zafin inji. Ruwa ne ke zagayawa yana sanyaya injin, ya bi ta lagireto fanka ta huce shi. In tiyo ya tsage, ko fankar ta tsaya, ko ƙura da laka suka toshe lagireto, sai allurar zafi ta hau. Direba mai hankali nan take yake tsayawa. Mai gaggawa kuwa cewa zai yi bari dai mu kai Daki Takwas, kafin ya kai gasket ya ƙone. Gasket ɗin nan wani siririn shimfiɗi ne tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shi ke raba ruwa da baƙin mai. In ya ƙone sai an sauke kan injin, wani lokaci a kai shi a goge, in abin ya yi muni a nemo wani injin ɗungurungum. Kin ga tiyon da bai kai balas ɗin kwana ɗaya ba ya jawo aikin da zai lashe na watanni.

Kina iya gane wannan ko daga zaure. Ki sa a ciro sandar awon baƙin mai a kawo miki ki gani. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ki kuma tambayi launin hayaƙin salansa: fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne, shuɗi-shuɗi, injin na shan baƙin mai, ringi ya gaji, baƙi kuwa, fetur take zubarwa a banza. Ranar ciniki ma wannan gwajin za a yi, kuma da bakaniken da ke kika biya shi, ba na mai sayarwa ba.

Sai ƙafafu. Lodin ranar kasuwa, buhu a bayan mota, mutum biyu a kujerar gaba, ga ramuka tun daga Mayanchi, su ke kashe shokazoba. Akwai kuma wata 'yar roba da ke rufe gaɓar shaf a ƙafar gaba, tana riƙe da giris. In ta yage yashi ya shiga, sai a riƙa jin ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana. Robar araha ce, shaf ɗin ne da tsada. Haka taimin bel: a canja shi ranar da aka sayi motar, kada a jira ya tsinke, don a wasu injina tsinkewarsa kan lanƙwasa bawul. Ni a ganina nan ba wurin tsimi ba ne. Kin san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Mota ta mutu a daji da la'asar sakaliya, ba maganar kuɗi ake yi ba kuma, ran ɗanki ne da na fasinja.

Farashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Naira ma ta faɗi a lokacin, kayan gyara kuma daga waje suke zuwa. Don haka kada ki riƙe kuɗin bara a ka ki ce ana cutar ki, kada kuma ki yarda da duk abin da aka ce. Ki sa a tambayo wuri biyu, a Gusau da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in akwai mai zuwa. A bambance miki sabo ne ko na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar Turai. Sau da yawa na Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu ƙarko. Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Duk abin da aka canja, a kawo miki tsohon ki gani da idonki. Ki samu littafi, ko da ajami ne, ki rubuta ranar juyen baƙin mai da ranar kowane gyara, kuma cikin kowane balas ki ware na gyara a asusu kafin ki taɓa sauran.

Abu ɗaya ne ban yarda a kawo miki cikin gida ba: tsohon batir. Dalma ce a cikinsa da ruwan asid. Mu nan ba sai an yi mana bayanin dalma ba, mun ga abin da ta yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare da ake daka wa a gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Batir ya tsaya can gareji. Masu saye suna nan, a sayar a rage miki kuɗin sabon, a kawo miki rasit.