Daga Shafi Zuwa Yawa: Kalmomin Yaɓe da Ɗimbi a Hausar Jega da Aliero

1.0 Gabatarwa

A cikin Ingilishi akwai aikatau slather, wanda yake nufin shafa abu da kauri, kamar man shanu a kan burodi. Idan aka mayar da shi suna a sigar jam'i, sai ya koma nufin abu mai yawan gaske. Mai fassara da ya ci karo da shi yakan rubuta "shafa da yawa" ya wuce. Fassarar ba ta kauce wa ma'ana ba, amma ta tauye Hausa, domin harshen yana da nasa rukunin aikatau da amsa-kama da suka bi wannan hanya, daga shafi zuwa yawa. Wannan maƙala ta nuna cewa kowace kalma a rukunin tana ɗauke da bayani uku: irin abin da aka shafa ko aka tara, da adadinsa, da hukuncin mai magana a kansa. An gina misalan ne a kan rayuwar yankin Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, inda noman albasa da cinikinta suka mayar da zancen yawa da awo abin yau da kullum.

2.0 Aikatau na Shafi

Shafa shi ne aikatau na tsaka-tsaki, ba ya yabo ba ya zargi. A karin harshen yamma, wanda yankin yake ciki, ana furta shi shahwa, kamar yadda ƙafa take komawa ƙahwa. Sauran aikatau kowanne yana zaɓen abin da zai hau kansa. Ana barbaɗa abu mai gari, ana yayyafa mai ruwa, ana mulka mai a jiki har ya shiga fata. Yaɓa kuwa sai abu mai danshi da kauri, irin lakar da magini yake jefawa a bango. Labta, wanda wasu suke rubutawa lafta, da rambaɗa su ne suke shigo da hukunci. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ya barbaɗa taki a fadamar albasa.
(2) Ya labta taki a fadamar albasa.
(3) Ta sa kwalli.
(4) Ta rambaɗa kwalli.

Manomi a Jiga Birni da ya ji jimla ta (2) ba yawan taki kaɗai zai fahimta ba. Zai ji cewa an wuce kima, an yi ɓarnar kuɗi, wataƙila ma shukar ta ƙone. Haka jimla ta (4) take ɗauke da ɗan zunɗe da babu shi a ta (3).

Ƙirar kalma ma tana da nata aikin. A tsarin azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya fitar a 1960, aji na huɗu yana nuna game abu baki ɗaya. "Ya yaɓa laka a bango" ba daidai yake da "ya yaɓe bango da laka" ba. A ta farko hankali yana kan lakar, a ta biyu bangon ne ya rufu kaf.

3.0 Faɗaɗar Ma'ana

Da zarar aikatau ya ɗauki ma'anar wuce kima, sai ya bar laka da mai ya koma kan abin da ba a taɓawa. Ana yaɓa wa mutum magana, ana labta wa talaka haraji, ana labta wa kaya tsada. Caɓa, ɗan'uwan caɓi, ya zama caɓa ado. Aikatau na zubi ma haka suke: wadda ta zabga gishiri a miya da wanda ya zabga ƙarya duk sun ƙetare iyaka, kuma wanda ya narka kuɗi a gini ya kashe fiye da yadda ake zato. Abin lura shi ne yawancin waɗannan maganganu sun karkata ga zargi ko mamaki. Shafa kansa ba ya kaiwa ga ɓatanci sai an ambaci abin ƙyama, kamar a "shafa masa kashin kaji".

4.0 Kalmomin Yawa

Kalmomin yawa sun kasu biyu. Akwai sunaye masu ɗaukar mahaɗi, irin su tarin, tulin, ɗimbin da himilin. Tuli yana buƙatar abin da zai yi tudu, shi ya sa ake cewa tulin albasa, amma ɗimbin jama'a ko ɗimbin bashi. Akwai kuma amsa-kama, waɗanda suke zana siffar yawan a idon mai sauraro:

(5) Ga albasa nan birjik a kasuwar Aliero.
(6) An cika motar maƙil da buhuna.
(7) Jama'a jingim a kasuwar Jega.
(8) An kawo abinci tinjim.

Birjik yana son fili da abu ya bazu a kansa. Maƙil yana son mazubi da ya cika har babu masaka tsinke. Jingim ya fi zama da taron mutane, tinjim kuwa yana nuna wadata. Idan aka musanya su, aka ce albasa ta bazu a fili maƙil, kunnen Bahaushe zai ƙi jimlar ko da nahawunta bai karye ba. Wannan ya tabbatar da cewa ƙa'idar da take aiki a nan ta ma'ana ce.

5.0 Kammalawa

Ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk sun bi jerin abacada. Wannan tsari yana raba barbaɗa da labta da yaɓa da ɗaruruwan shafuka, alhali bambancinsu ba ya fitowa sai an jera su wuri guda. Lamarin ya wuce ado a rubutu. Takardar malamin gona da ta ce "a zuba taki da yawa", ko bayanin magani da ya ce "a shafa sosai", sun bar mai karatu cikin duhu a inda barbaɗa ko mulka za su fayyace aikin. Ɗalibin da ya saba da "da yawa" da "sosai" a kowace jimla kuma yana barin kalmomin da dillalan albasa suke amfani da su kullum. Saboda haka akwai buƙatar manazarta su tattara wannan rukuni bisa dangantakar ma'ana, kowace kalma da abin da take zaɓa da hukuncin da take ɗauke da shi, tare da yadda ake furta ta a kare-karen harshe.