Kai-Kawon Zuciya a Ƙofar 'Yan Mormon

Mutanen Sharabi da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, irin su Ka'oje da Illo da Tsamiya da Lolo, tun da Allah Ya zaunar da su a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, kuma Ya sanya fatauci cikin hanyoyin abincinsu, ba su rasa ɗan'uwa da ya taɓa ƙetarawa Segbana ya gangara har Kwatano, ko wanda ya bi motar shanu zuwa Ikko da Aba. A can kuwa da wuya mutum ya daɗe bai ci karo da wasu samari ba, biyu-biyu, da fararen riguna da baƙin allon suna a ƙirji, suna riƙe da wani littafi mai shuɗin bango. Su ne masu wa'azin ɗariƙar da duniya ta fi sani da Mormon. Musulmi ba ya daɗewa a kan zancensu, domin da zarar ya ji ana batun wani annabi bayan Cikamakin Annabawa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magana ta ƙare. Amma abokin cinikinsa Kirista, wanda ya gaji da rigingimun majami'u, yakan karɓi littafin ya kwana yana juyayi, yau ya gaskata gobe ya yi kokwanto, kuma halin wannan mutumin ya cancanci nazari.

Abin da ake kiransa zuwa gare shi ba ƙarami ba ne. Ana so ya yarda cewa wani ɗan manomi a jihar New York, Joseph Smith, ya ga Ubangiji da Almasihu a cikin kurmi a 1820 yana da shekara goma sha huɗu, cewa wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa allunan zinariya da aka binne a kan tudu, cewa ya fassara su da ikon Allah, sannan mala'ikan ya karɓe allunan ya tafi da su, aka buga littafin a 1830. Mutum goma sha ɗaya sun sa hannu cewa sun ga allunan. Waɗansunsu daga baya sun ɓata da Smith, amma ba su janye shaidarsu ba, wannan kuwa na cikin abin da ke hana mai shakka barci. A ɗaya gefen, masu tonon kayan tarihi ba su sami garuruwa ko rubutun al'ummomin da littafin ya ce sun zauna a nahiyar Amurka ba.

To, me samarin ke gaya wa mai ruɗani? Ba su cika jan muhawara ba. Sukan ce ya karanta, ya roƙi Allah da zuciya ɗaya, idan gaskiya ne zai ji natsuwa ta sauko masa. Almajirin da ya yi karatun tauhidi a zaure bai kamata ya yi gaggawar yi wa wannan dariya ba, domin Imam Gazali da kansa, a cikin Munƙizu minal Dalali, ya ba da labarin wata cutar shakka da ta kama shi kusan wata biyu, wadda bai warke daga gare ta da jera hujjoji ba sai da wani haske da Allah Ya jefa a ƙirjinsa. Sai dai Gazali bai tsaya nan ba: ya bi malaman kalamu da Baɗiniyya da masu falsafa da Sufaye yana auna da'awar kowa, har ya bar kujerarsa ta Nizamiyya a Bagadaza a 1095. Malamai kuma sun daɗe da cewa ilhamin mutum ba ya zama hujja a kan waninsa. Inda na ga gurguntar hanyar samarin shi ne, wanda ya roƙa ya ji natsuwa an ce ya sami amsa, wanda ya roƙa bai ji kome ba sai a ce niyyarsa ce ba ta tsarkaka ba, ya sake. Ma'aunin da ba ya nuna tauye ko da an tauye mudu kuwa, ɗan kasuwa ya san matsayinsa.

Amma labarin wannan ɗariƙa a Nijeriya yana da wani abin mamaki, domin a nan masu ƙwanƙwasa ƙofa ne suka yi yaƙini, masu gida suka yi ta kai-kawo. Tun kafin samun mulkin kai, wasiƙu suka riƙa fita daga ƙasar Ibibiyo da ta Ibo zuwa hedikwatar cocin a birnin Salt Lake, daga mutanen da suka tsinci ƙasidu suka kafa majami'u da sunan cocin ba tare da sun taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikinta ba. Shugabanta na lokacin, David O. McKay, ya aiko Glen Fisher a 1960, sannan LaMar Williams a 1961, suka tarar da jama'a masu yawa suna jira. Matsalar ita ce tun 1852, a zamanin shugabancin Brigham Young, an hana baƙar fata muƙamin limanci da shiga ibadun haikali, alhali a tsarinsu kusan kowane namiji baligi limami ne, kuma ba a tafiyar da jam'i sai da limamai. Yaya za a kafa coci a ƙasar da babu ɗan ƙasa ɗaya da zai iya shugabantarta?

Ana cikin wannan tufka da warwara sai wani ɗalibi ɗan Nijeriya a Kalifoniya, Ambrose Chukwu, wanda aka gayyata ya ji wa'azinsu, ya karanta abin da marubutansu ke faɗa game da baƙar fata, ya rubuto wa jaridar Nigerian Outlook ta Inugu a 1963 yana gargaɗi. Gwamnatin Nijeriya ta hana masu wa'azin takardar zama, a 1965 aka kira Williams gida, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Duk da haka wani malamin makaranta a Aboh Mbaise, Anthony Obinna, wanda ya ce ya yi mafarkin wani dogon gini, daga baya ya gane shi a hoton haikalin Salt Lake cikin wata tsohuwar mujallar Reader's Digest, ya tara iyalinsa da maƙwabta suna ibada, yana ta aika wasiƙu ana ba shi haƙuri. Sai a watan Yuni na 1978 shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya sanar da ɗage haramcin, ya ce wahayi ne ya zo. Ranar 21 ga Nuwamba aka yi wa Obinna baftisma, aka naɗa shi shugaban reshe na farko. A 1988 aka kafa babbar gunduma a Aba ƙarƙashin David Eka, a 2005 aka buɗe haikali a garin.

Mabiya suna ba da labarin Obinna a matsayin sakamakon haƙuri, kuma ba na musun ikhlasin mutumin. Sai dai adalci ya wajabta a tuna da Chukwu, domin a Disamban 2013 cocin da kanta ta fitar da bayani tana barranta daga tsoffin dalilan haramcin, na cewa baƙar fata alamar la'ana ce ko hukuncin wani laifi kafin haihuwa, wato ainihin abin da ɗalibin ya ƙi haɗiyewa shekara hamsin kafin nan. Mai kai-kawo na yau ya gaji mutanen biyu. Yana ganin jama'a marasa shan giya da taba, masu fitar da ushirin abin da suke samu, masu riƙon zumunci, zuciyarsa ta karkata. Sannan ya tambayi kansa, idan shugabannin da ake kira annabawa sun karantar da kuskure fiye da ƙarni guda, da wane ma'auni zai rarrabe wahayinsu da ra'ayinsu? In kuma yana da mata biyu, kamar yadda ba a rasa ba a Benin da Nijeriya, zai tarar da wata tambayar tana jiransa: cocin da Brigham Young ya shugabanta da mata fiye da hamsin, wadda ba ta fara janyewa daga auren mace fiye da ɗaya ba sai a 1890 bisa matsin gwamnatin Amurka, ba za ta yi masa baftisma ba muddin duka biyun suna ɗakunansu.