Gwanjon da ake kammalawa kafin shafi ya gama buɗewa

Duk wanda ya taɓa shiga wani shafin intanet don karanta yadda ake kiwon kaji, ya kuma tarar da tallar abincin kaji ko ta injin ƙyanƙyasa a tsakiyar rubutun, ya ci karo da wata sana'a mai juya biliyoyin daloli. Mai shafin bai san kamfanin da ya ba da tallar ba, ba su taɓa gaisawa ba, balle su yi ciniki. Shi dai ya ware fili a shafinsa, ya manna 'yan layukan umarnin kwamfuta da aka ba shi, ya koma kan rubutunsa. Sauran aikin na'ura ce ta yi. Ita ta karanta kalmomin shafin, ta gane a kan kaji ake magana, ta kira masu talla gwanjo, ta sallama filin ga wanda ya fi taya shi da daraja. Duk wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba.

Dabarar da ke ƙarƙashin abin tsohuwa ce. Mai kayan miya ya san dalilin da ya sa yake kasa tumatirinsa kusa da rumfar mahauta: wanda ya sayi nama, miya zai yi. Haka mai karatu a kan ciwon haƙori ya fi kusa da sayen man goge baki fiye da mai karanta sakamakon ƙwallo. Abin da intanet ta ƙara shi ne sauri da yawa.

Da farko ba haka ake yi ba. Lokacin da shafin HotWired na Amurka ya fara ɗora allunan talla a watan Oktoba na 1994, ciki har da na kamfanin tarho na AT&T, sayar da fili ake yi kamar a jarida, a biya kuɗi a ajiye talla na wani lokaci, ko an kula da ita ko ba a kula ba. A 1998 wani ɗan kasuwa a Kalifoniya, Bill Gross, ya ƙaddamar da shafin bincike na GoTo.com da wani tunani dabam: masu talla su yi takara a kan kalmar da mutane ke nema, kuma ba za su biya ko sisi ba sai an latsa tallarsu. Google ya buɗe nasa tsarin, AdWords, a shekarar 2000, sannan a 2002 ya rungumi gwanjo da biyan kuɗin latsawa. Amma a lokacin, wannan gwanjon a shafin bincike kaɗai yake aiki. Shekarar 2003 ce ta buɗe ƙofa ga kowa. A watan Afrilu Google ya sayi kamfanin Applied Semantics, wanda ya ƙware wajen koya wa kwamfuta gane ma'anar rubutu, a kan dala miliyan 102, kuma a watan Yuni ya ba duk mai shafi damar shiga tsarin da ake kira AdSense.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Kafin lokacin, neman talla galibi aikin manyan gidajen jarida ne masu ofishin kasuwanci da ma'aikatan da ke zagaya kamfanoni. Bayan lokacin, malamin makaranta mai rubutu a kan lissafi ko matar da ke koyar da girki daga ɗakinta suna iya samun tallar kamfanin da ke wata nahiya.

Shiga tsarin kyauta ne, amma akwai sharuɗɗa. Sai mai nema ya cika shekara 18, shafin ya zama nasa, rubutun kuma ya zama na kansa, ba kwashe-kwashe daga shafukan wasu ba. Idan an amince, wata manhaja takan riƙa ziyartar shafin tana nazarin kalmomi, da kanun rubutu, da yadda jimloli suka haɗu, don ta bambance, alal misali, rubutu a kan kuɗin ruwa na banki da rubutu a kan kuɗin ruwan famfo. A ɗaya ɓangaren kuma masu talla sun riga sun faɗi irin batutuwan da suke so, da ƙasashen da suke nufi, da iyakar abin da za su iya biya. Da zarar mai karatu ya buɗe shafi, sai a haɗa biyun. Tun ƙarshen 2021 wanda ya ci gwanjon AdSense ainihin abin da ya taya yake biya, saɓanin da, da ake cajinsa gwargwadon tayin wanda ke biye da shi.

Google a nan dillali ne, kuma la'adarsa ba kaɗan ba ce. Shekara bakwai ya yi bai faɗa wa masu shafuka nawa yake cirewa ba. Sai a watan Mayu na 2010 ya bayyana cewa mai shafi na karɓar kashi 68 cikin 100 na kuɗin tallar da ta fito a cikin rubutunsa, da kashi 51 idan ta akwatin bincike ta zo. A farkon 2024 an sake fasalin lissafin: mai shafi na samun kashi 80 bayan dandalin da mai talla ya bi ya cire nasa rabon, wanda a dandalin Google kansa yake kaiwa kusan kashi 15. Idan aka tattara, an dawo kusan 68 ɗin da aka saba. Babban sauyin shi ne yanzu yawan fitowar talla a gaban masu karatu ake lissafawa, ba yawan latsawa ba.

Kafin kuɗi su shigo hannu akwai matakai biyu da ke wahalar da masu shafuka a ƙasashe irin Najeriya da Nijar. Idan abin da aka tara ya kai dala 10, Google kan aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi, kuma a unguwar da gidaje ba su da lamba, takardar na iya shafe makonni ko ta ɓace. Sannan ba a biya sai an tara dala 100. Wanda ya cika wannan adadi, ana tura masa tsakanin ranar 21 da 26 ga wata mai bi.

Inda gizo ke saƙar shi ne darajar shafi. Mutane da yawa sun ɗauka yawan masu ziyara ne kuɗi, alhali abin da ake saye shi ne yiwuwar mai karatu ya buɗe aljihunsa. Shekaru da dama ɗaya daga cikin kalmomi mafiya tsada a wannan kasuwa ita ce sunan wani ciwon daji da ke kama waɗanda suka shaƙi ƙurar asbestos. Dalili kuwa lauyoyin Amurka ne ke rububin majinyatan, domin shari'a ɗaya ta diyya na iya kawo musu dukiya mai yawa. Inshora, bashin gida, da kayan aikin kamfanoni duk suna cikin wannan sahu. Labarin soyayyar taurarin fim kuwa, ko mutum dubu ɗari suka karanta, mai talla bai ga abin da zai sayar musu mai tsoka ba. Ƙasar da mai karatu yake ma tana da nata tasirin: ziyara daga Amurka ko Jamus ta ninka ta Afirka ta Yamma daraja sau da yawa, saboda can masu talla suka fi yawa kuma suka fi gasa. Har lokacin shekara yana shiga lissafi, farashi kan tashi daga Oktoba zuwa Disamba, ya faɗi a Janairu.

A ɗauki misali don sauƙin fahimta. Idan shafi na samun dala ɗaya a kan kowace buɗewa dubu, sai an buɗe shi sau 100,000 kafin mai shi ya ga biyan farko. Daga ciki zai biya kuɗin ajiye shafin, da sabunta sunansa kowace shekara, da data, da man janareta. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 dala ta ƙara jan hankalin matasa zuwa wannan harka, amma masu tallata kwasa-kwasan "samun dala kana kwance" ba su cika faɗa musu wannan lissafi ba, kuma rashin faɗar zalunci ne.

Tsarin da ke biyan kuɗi a kan kallo da latsawa dole ya haifi masu magudi. Tun 2006 Google ya amince da sasanci na har dala miliyan 90 a wata ƙara da masu talla suka shigar a jihar Arkansas, kan cewa an caje su kuɗin latsawar bogi. Yau mai shafin da ya latsa tallarsa da kansa, ko ya roƙi abokai su latsa, ko ya sayi ziyarar na'urori, yana iya wayar gari an rufe asusunsa tare da abin da ya tara. Mafi muni shi ne abin da ya faru a garin Veles na Masedoniya a 2016, inda 'yan jarida suka gano shafuka sama da 100 na siyasar Amurka, akasari matasa ne ke tafiyar da su, suna yaɗa labaran ƙarya a kan zaɓe. Yawancinsu ba ruwansu da wanda zai ci. Sun dai lura cewa Ba'amurke mai fushi yana latsawa, kuma ziyararsa na da tsada. A watan Nuwamba na shekarar Google ya hana irin waɗannan shafuka talla. Amma cutar ba ta mutu ba. Binciken da ƙungiyar manyan masu talla ta Amurka, ANA, ta fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka bibiya sun tafi ne ga shafukan da aka ƙirƙira don talla kawai.

Akwai kuma wata illa da ta fi taɓa aikin jarida na gaskiya. Kamfanoni kan ba da jerin kalmomin da ba sa so a ga tallarsu kusa da su, irin su hari, kisa, bam, annoba. A 2020 wannan ya sa rahotannin cutar korona, waɗanda jama'a suka fi buƙata, suka rasa talla mai yawa. Gidan jaridar da ya tura wakili ya ɗauko labarin ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa yana iya samun ƙasa da wanda ya zauna ya rubuta jerin wayoyi goma mafiya kyau. Na'urar tana gane batu, amma ba ta san muhimmancinsa ga al'umma ba.

Na ɗan wani lokaci an yi zaton tallar da ke bin rubutu ta tsufa. Bayan Google ya kammala sayen kamfanin talla na DoubleClick a 2008 a kan dala biliyan 3.1, hankali ya koma kan bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi, abin da ke sa takalmin da aka duba jiya ya riƙa bayyana ko'ina yau. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta taka wa wannan birki, manhajojin buɗe shafukan intanet na Firefox da Safari kuma suka toshe hanyoyin bibiyar. Najeriya ma ta yi tata dokar a 2023. A Holan, hukumar da ke sayar da talla ga kafar yaɗa labarai ta gwamnati ta daina bin sawun masu kallo a Janairun 2020, ta koma duba abin da shirin ya ƙunsa kaɗai, kuma kuɗin shigarta ya ƙaru maimakon ya ragu. A ɓangaren dillalai kuwa, akwai wasu, kamar Media.net, amma Google ne ya mamaye kasuwar, har wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukunci a Afrilun 2025 cewa ya yi babakere ba bisa doka ba a sassa biyu na wannan harka.

Ga marubucin Hausa, magana ta tsaya a wuri guda. Tsarin da ya dogara da fahimtar kalmomi ba ya aiki sai da harshen da aka amince da shi, kuma ƙa'idar AdSense ta hana ɗora talla a shafin da akasarin rubutunsa da harshen da ba ya cikin jerinsu ne. Larabci na ciki, Faransanci na ciki, an ƙara Hindi a 2014, daga baya Bengali da Tamil da wasu harsunan Indiya suka biyo. Hausa, wadda miliyoyin mutane ke magana da ita daga Kano zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi, wadda BBC ke watsa shirye-shirye da ita tun 1957, wadda manhajar fassara ta Google ɗin kanta ta karɓa tun 2013, an bar ta a waje. Sakamakon a bayyane yake: matashin da ya iya Hausa tsantsa yana tilasta wa kansa rubutu da Turanci don shafinsa ya samu karɓuwa, mai karatun Hausa kuma ya rasa rubutun da ya dace da shi.

Ba rashin kasuwa ba ne. Gidajen rediyon Kano da Kaduna da Damagaram da tallar Hausa suke rayuwa, ta taki, ta makarantu, ta kamfanonin waya da bankuna. Harsunan Indiya sun shiga jerin ne bayan masu karatu da masu talla da su sun yi yawan da ba a iya kau da kai. Ya kamata gidajen jaridun Hausa, da sassan nazarin harshe na jami'o'i, da kamfanonin da ke sayar wa Arewa kaya su haɗa murya su nemi a saka Hausa, masu shafuka kuma kafin nan su fita su nemi 'yan kasuwar garinsu kai tsaye, inda babu dillalin da zai cire kusan kashi ɗaya cikin uku.